Sharhi kan Balaguron Jirgin Ruwa zuwa Tsibiran Kermadec

Kamfanonin da ke kai matafiya tsibiran Kermadec a jirgin ruwa suna tallata abubuwa uku a takardunsu: kallon tsuntsaye da halittun teku, nutso a ƙarƙashin ruwa, da yawon ƙafa a kan tsibirin Raoul. Na yi wannan tafiya a watan Maris, a shekarun da ma'aikatan gwamnati ke zaune a tsibirin, kuma hukuncina shi ne cewa biyun farko sun cancanci kuɗin da ake biya har da ƙari, amma na ukun ba a hannun kamfani yake ba, don haka wajibi ne a gaya wa mutum wannan gaskiya ƙarara tun kafin ya fitar da kuɗinsa.

Tsibiran suna cikin Tekun Fasifik, kusan tsakiyar hanya tsakanin Niyu Zilan da Tonga, kuma babban cikinsu, wato Raoul, yana da nisan kimanin kilomita 1,000 daga birnin Okland ta arewa maso gabas. Dukkansu kawunan duwatsu ne masu aman wuta da suka ɓullo daga ƙarƙashin teku, a jere da wani rami mai zurfin da ya haura mita 10,000, inda wani ɓangare na ɓawon duniya ke nutsewa ƙarƙashin wani. Mutanen Maori, 'yan asalin Niyu Zilan, suna kiran wurin Rangitahua, kuma ƙabilun Ngati Kuri da Te Aupouri suna da tsohuwar alaƙa da shi. Sunan Kermadec kuwa wani Bafaranshe mai binciken teku, d'Entrecasteaux, ne ya raɗa shi a 1793, don girmama kyaftin ɗin ɗaya daga cikin jiragensa, sannan Niyu Zilan ta haɗe tsibiran cikin ƙasarta a 1887. Babu filin jirgin sama, babu tashar jirgin ruwa, babu masauki, babu kanti. Duk wanda zai je, a jirgin da ya kai shi zai ci, ya sha, ya kwana, kuma wannan shi ya sa darajar tafiyar baki ɗaya ta rataya a kan jirgin da mutanen da ke tafiyar da shi.

Jirgin da muka shiga ƙarami ne, fasinjojinsa ba su kai ɗari ba, kuma an gina shi ne don aiki a teku mai wuya, ba don shaƙatawa ba. Ɗakin kwanan yana da tsabta, gadon yana da katanga a gefe don kada mai barci ya faɗo, tebura da kujeru kuma a ɗaure suke da ƙasa. Wanda ya saba ganin hotunan manyan jiragen yawon buɗe ido masu kama da otal zai ga wannan a matsayin koma-baya, amma ni na ɗauke shi daidai da buƙata, domin babban jirgi ba zai iya matsawa kusa da waɗannan duwatsu ba. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ɗakin tuƙi yake a buɗe ga fasinjoji kusan kowane lokaci, ta yadda mutum zai tsaya bayan matuƙa ya ga taswira da hasashen iska da idonsa. Tsallakawa daga gaɓar Niyu Zilan zuwa tsibiri na farko tana cin kusan kwana biyu a teku tsagwaronta, ba tudu ba mafaka, kuma raƙuman ruwan wannan yanki ba sa sassauta wa baƙo. Da yawa daga cikin matafiyan sun kwanta da jiri da tashin zuciya, likitan jirgin kuwa ya yi ta zagaya ɗakuna da magani ba gajiyawa. Shawarata ita ce a fara shan maganin tun kafin jirgi ya bar tasha, domin idan ciwon ya riga ya kama mutum, ƙwayar ba ta zama a ciki.

Tun a kan hanya ake fara wani aiki da wasu matafiya suka yi ta gunaguni a kansa, wanda ni kuwa na ɗauke shi babbar shaida ta cewa kamfanin ya san nauyin da ke kansa. Ana tara kowa da takalmansa da jakarsa da rigunan da zai sauka da su, a zazzage aljihu, a bi kowane ɗinki da injin zuƙe ƙura, a tsefe maɗaurin takalmi da tsinke don fitar da ƙwayar ciyawa ko da guda ɗaya ce, sannan a wanke tafin takalmin da ruwan magani. Dalilin wannan tsanani yana rubuce a tarihin Raoul. Awaki da maguna da ɓeraye da mutane suka kawo sun shafe shekaru suna cinye tsirrai da ƙwan tsuntsaye, har tsibirin da a da ke cike da miliyoyin tsuntsayen teku ya koma kusan shiru. Sai a 1984 aka gama kawar da awakin, aka kuma yi wa ɓerayen ruwan guba daga jirgi mai saukar ungulu a 2002, magunan suka biyo baya ba da jimawa ba. Tsirran da aka shigo da su, musamman wata ƙaya mai yaɗo da ake kira ƙayar Mysore, sun fi dabbobin taurin kai, domin irinsu yana daɗewa a ƙasa yana jiran damarsa, kuma ma'aikata da 'yan sa kai sun shafe shekaru suna bin dajin taku bayan taku suna tuge su. Wanda ya san wannan wahala ba zai ga wanke takalmi a matsayin takura ba.

Tsibiran kudu ba a sauka a kansu, daga kan jirgi ko daga ƙananan kwale-kwalen roba da ake kira Zodiac ake kallonsu. L'Esperance dutse ne tsirara da ruwa ke duka ta kowace fuska, kuma ba mu daɗe a wurinsa ba. Curtis da Cheeseman sun fi jan hankali, domin tururi yana fita daga ramin Curtis ba dare ba rana, warin farar wuta kuma yana iso mutum tun yana nesa. A nan ne aka sake kama Felix von Luckner, kwamandan wani jirgin ruwan yaƙin Jamus a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a watan Disambar 1917, bayan ya tsere daga inda ake tsare da shi kusa da Okland. Macauley ne ya fi su duka a wurin mai son tsuntsaye. Ƙasarsa cike take da ramukan da tsuntsayen teku ke haƙawa don yin ƙwai, har ta kai idan mutum ya taka zai rufta da ƙafarsa a kan sheƙa, kuma a nan ne kusan dukkan wani nau'in tsuntsun teku mai farar ƙeya ke hayayyafa a duniya. Jagoranmu ya roƙi kyaftin ya tsayar da jirgin kusa da tsibirin har zuwa faɗuwar rana, kuma wannan shawara ita ce mafi kyau da aka yanke a duk tafiyar. Da magariba ta gabato, tsuntsayen da suka wuni a teku suka fara komowa, da farko ɗai-ɗai, sannan garke-garke, har sararin da ke saman tsibirin ya yi duhu da fukafukai, kukansu kuma ya rufe ƙarar injin jirgin. Da dare ana rage fitilun jirgi a ja labulen tagogi, saboda haske yana ruɗa su su faɗo a kan bene, kuma da safe ma'aikata kan zagaya su tsince waɗanda suka faɗo su sake su.

Raoul shi ne inda tallar kamfani da halin teku suke rabuwa. Tsibirin yana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 29, amma ba shi da lungu ko ɗaya da ruwa ke kwanciya a kowane lokaci. Wuraren saukar da aka fi amfani da su biyu ne, Fishing Rock a arewa da Boat Cove a kudu maso gabas, kuma dukkansu duwatsu ne da igiyar ruwa ke hawa tana sauka a jikinsu. Direban Zodiac yana matso da hancin kwale-kwalen ya dafe shi a jikin dutse, ya jira ruwa ya ɗaga shi, sai ya yi tsawa, mutum ya taka ya miƙa hannu ga ma'aikata biyu da ke tsaye a sama su fizge shi. Idan ya yi jinkiri na ɗan lokaci, kwale-kwalen ya riga ya zube ƙasa da tsayin mutum. Direbobinmu gwanaye ne ƙwarai, ban ga wanda ya ji rauni ba, amma akwai ranakun da muka tsaya a bene da takalmi a ƙafa da jaka a baya, muna kallon tsibirin a gabanmu, shugaban tafiya ya fita ya gwada ruwan ya dawo ya ce ba za a sauka ba. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, kuma na fi amincewa da jagoran da ke iya cewa a'a a gaban fasinjoji masu fushi. Laifin da na gani yana wurin masu rubuta takardar talla, waɗanda suka jera hanyoyin yawon ƙafa ɗaya bayan ɗaya da hotuna masu kyau, suka tura gargaɗin yanayi can ƙasa cikin ƙananan haruffa. Wasu tsofaffi da suka biya kuɗi musamman don yawon ƙafa ba su taka tsibirin ba sam, saboda ko a ranar da aka sauka tsallen ya fi ƙarfin gwiwoyinsu, kuma babu wanda ya bayyana musu haka a lokacin da ake karɓar kuɗinsu.

Ga wanda ya samu ya sauka, yawon yana da daɗi, ko da yake akwai hawa mai tsanani da zafi mai gumi. Dajin na itatuwan pohutukawa ne masu jan fure da wani dangin kwakwa da ake kira nikau. Kololuwar tsibirin, Moumoukai, tana da tsayin mita 516, kuma daga bakin ramin dutsen ana hango tafkuna a ƙasa, ɗaya shuɗi ɗaya kore. Ba a barin baƙi su gangara can, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: a ranar 17 ga Maris, 2006, dutsen ya yi aman wuta ba zato a Koren Tafki, ya halaka wani ma'aikacin hukumar kare muhalli da ya je auna zafin ruwa. Abin da ya fi taɓa zuciyata a dajin shi ne tsiryar tsibirin, ƙaramar aku koriya mai jan goshi. Ta ɓace daga Raoul na kusan shekara 150 saboda maguna da ɓeraye, ta tsira a ƙananan tsibiran da ke kusa, sannan bayan an kawar da maƙiyanta ta komo da kanta ba tare da wani ya ɗauko ta ba. Ɗaya ta sauka a kan hanya kusa da takalmina tana tsattsagar ƙwayar ciyawa, ta ɗago kai ta dube ni, ta ci gaba da abin da take yi, domin zuriyarta ba ta san tsoron abin da ke tafiya a ƙasa ba.

Kusa da tashar auna yanayi, wadda aka kafa a 1937, akwai tsofaffin itatuwan lemu da ake dangantawa da iyalin Thomas Bell, waɗanda suka zauna a tsibirin daga 1878 zuwa 1914 suna fama da guguwa da ɓeraye da girgizar ƙasa. Jagoran tarihi na jirgin ya ba da labarinsu da kyau, amma na fi yaba masa da bai tsallake abin da ya faru a gaɓar Denham a 1863 ba, lokacin da wani jirgin masu safarar bayi zuwa Peru ya sauke mutanen da ya sato daga Tokelau da wasu tsibiran Fasifik, cuta ta riga ta kama su, da yawansu suka mutu a wurin. Tafiya irin wannan tana iya zama kallon kyawun halitta kawai, kuma kamfanin da ya keɓe zama guda don wannan labari mai ɗaci ya girmama wurin da fasinjojinsa.

A ƙarƙashin ruwa ne tafiyar ta biya bashinta gaba ɗaya. Tun 1990 aka haramta kamun kifi a ruwan da ke kewaye da tsibiran har zuwa mil 12 na teku, yanki mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 7,450, kuma ko kafin nan nisan wurin ya kare shi daga yawancin masunta. Sakamakon haka mutum yana ganin teku yadda take kafin taru da ƙugiya su rage ta. Ruwan yana da haske sosai, yana da ɗumi a watan Maris, kuma wuri ne da halittun ruwan zafi da na ruwan sanyi ke haɗuwa: akwai murjani a manne da duwatsu, amma bai taru ya yi tudu irin na Fiji ko Tonga ba, saboda sanyin hunturu yana taƙaita girmansa. A tsibiran Meyer, kusa da Raoul, muka fi yin nutso. Da zarar mutum ya shiga ruwa sai ya ga kifayen shak irin na Galapagos suna zagaye, ba ɗaya ba ba biyu ba, suna matsowa su duba su wuce. Jagoran nutso ya riga ya yi mana bayani cewa a tsaya tare, kada a yi ta fantsama ruwa, kada a miƙa hannu, kuma da aka bi wannan ƙa'ida babu abin da ya faru. Yawan shak alama ce ta lafiyar teku, domin su ne na farko da ke ɓacewa a inda aka matsa da kamun kifi.

Sarkin wurin shi ne wani ƙaton kifi baƙi mai ɗige-ɗige daga dangin gurufa, wanda tsayinsa kan kusanci mita 2, kuma doka ta hana kama shi a duk ruwan Niyu Zilan. A gaɓar Ostareliya masu harbin kifi sun rage shi ƙwarai, saboda yana girma a hankali kuma ba ya gudun mutum, amma a Kermadec yana nan da yawansa. Ɗaya ya fito daga ƙarƙashin wani dutse ya biyo ni kamar akuyar gida da ta ga mai ƙwaryar dusa, ya tsaya dab da gilashin fuskata har ina ganin ƙwayar idonsa tana juyawa da ƙananan kifaye masu share masa jiki suna shiga maƙogwaronsa suna fita. Ina kallo launinsa ya sauya daga baƙi wuluk zuwa toka-toka mai ratsi, sannan ya koma yadda yake. Waɗannan kifaye suna fara rayuwa a matsayin mata, sai sun girma sosai wasunsu su koma maza, wanda ke nufin cewa kashe manyan cikinsu yana karya hayayyafar garken baki ɗaya. Wanda bai iya nutso da tukunyar iska ba bai yi asara mai yawa ba, domin da gilashin fuska da bututun numfashi kawai ana ganin shak da kunkurun teku da garken kifaye daga saman ruwa, kuma a jikin duwatsun gaɓa akwai wata katantanwa mai manne wa dutse da ta kai faɗin tafin hannu, wadda a waɗannan tsibirai kaɗai ake samunta.

Tsarin nutson yana da tsauri, kuma haka ya dace. Babu ɗakin jinyar masu nutso a tsibiran, sai an koma Okland, don haka ana iyakance zurfi da tsawon lokaci, ana neman takardar shaidar ƙwarewa da ta likita da inshorar da ta haɗa da kwashe marar lafiya. Ƙorafina a nan shi ne cewa kwale-kwalen da ke kai masu nutso su ne kuma ke kai masu kallon tsuntsaye, saboda haka a ranar da ruwa ya yi kyau kowane rukuni yana jiran ɗayan, lokaci mai tsada yana tafiya a banza. Ƙarin kwale-kwale ɗaya da direbansa da ya warware wannan matsala.

Abinci yana da kyau kuma yana isa, duk da cewa masu dafa shi suna aiki a ɗakin girkin da ke tangaɗi. Na sanar da kamfanin tun wajen yin rajista cewa ba na cin naman alade kuma ba na shan giya, aka riƙa ba ni kifi da ganyaye da ƙwai ba tare da na sake tunatarwa ba, amma naman yanka na halal ba abin da za a sa rai da shi ba ne sai an yi yarjejeniya tun da wuri. Alƙibla a wannan yanki tana wajen yamma, kuma da yake jirgi yana juyawa a kan ƙarfen da ke riƙe shi, matuƙa sun kasance masu saurin nuna mini inda take duk lokacin da na tambaya. A lokacin tafiyarmu intanet kusan babu shi a jirgin, kuma wanda ke da harkar da ba za ta jira ba ya shirya wa hakan.

Kuɗin tafiyar dubban daloli ne ga mutum ɗaya, ban da tikitin jirgin sama zuwa Niyu Zilan da bizar shiga ƙasar, kuma jiragen da ke zuwa ba su da yawa, wata shekarar ma ba a samun ko ɗaya. Lokacin tafiya yana sauya abin da za a gani. Ƙarshen bazarar can, wajen Maris da Afrilu, ruwa ya fi ɗumi, amma lokaci ne da guguwar teku ke iya ratsowa ta rusa tsarin tafiya. A Satumba da Oktoba kuwa manyan kifayen wel masu doro suna yada zango a Raoul tare da 'ya'yansu a kan hanyarsu ta zuwa ruwan Antatika, sai dai ruwan ya fi sanyi ga mai nutso.

Batun sauka a Raoul ya ƙara zama abin bincike a 'yan shekarun nan. A 2017 an gano wata cutar tsatsa mai kama itatuwan pohutukawa a tsibirin, a 2020 aka kwashe ma'aikatan da ke zaune a can saboda annobar korona, sannan a watan Maris na 2021 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 8.1 ta auku a yankin. Sauka tana buƙatar izinin hukumar kare muhalli ta Niyu Zilan, kuma izinin da aka bayar a wata shekara ba ya tabbatar da na wata. Saboda haka duk mai niyyar zuwa ya nemi kamfanin ya amsa masa a rubuce ko yana riƙe da izinin sauka na wannan tafiyar, ya tambayi kwale-kwale nawa aka ware wa masu nutso, ya kuma faɗi shekarunsa da halin gwiwoyinsa ba tare da ɓoye-ɓoye ba, domin a gaya masa ko zai iya tsallen Fishing Rock.